Tokar Theresa a Gonar Aro

Gonar da Haggai ya ba Theresa aro tana gefen dutse, a hanyar Manga. Jar ƙasa ce mai tsakuwa, ko ciyawar kirki ba ta fitarwa. Mijin Theresa, Philemon, ƙanen Haggai ne. Da ya rasu, gonarsa ta fadama ta koma hannun dangi, tun da 'ya mace ɗaya ya bari, Joyce. Haggai yana aikin soja a lokacin. Ya zo jana'iza, kuma ranar da zai koma bariki ya nuna wa Theresa gefen dutsen da haɓarsa.

"Ki riƙa taɓawa a can, Maman Joyce. Kada a ce mun bar ki haka."

Daminar farko dawar ba ta wuce ƙugunta ba. Wuta-wuta, ciyawar da ke shanye dawa, ta fi dawar yawa. Abin da ta girbe, a kai ta kawo shi gida.

Sana'arta daddawa. Kalwa ba ta nuna da wasa, sai tukunya ta wuni a kan wuta tana cin itace, don haka murhun Theresa bai taɓa rabuwa da toka ba. A Kanya, inda aka haife ta, uwarta ba ta zubar da toka a juji, gona take kaiwa. Theresa ta yi yadda ta gani. Da rani ta tara tokar a tsofaffin buhuna, ta jera su a rumfa inda ruwa ba ya kaiwa, don tokar da ruwa ya wanke ta zama ƙasa kawai. Da tata ta gaza, ta shiga gidajen unguwa. Ta ba mace ƙwallon daddawa, ta kwashe mata murhu. Ta je gidan burodi na bakin tasha. Ta je wurin masu dafa burkutu, duk da surutun da 'yan majami'a suka yi da suka ga ta fito daga can da daro a kai.

Dab da saukar ruwa take kai tokar gona. Ta barbaɗa ta da sassafe kafin iska ta tashi, shafe-shafe, ta bi da fartanya ta juye ta cikin ƙasa. Ba ta zuba wa tsiro a gindi, don tana ƙone shi. Ta shuka wake da gyaɗa a tsakanin dawa, ta binne ganyensu da ɓawon kalwa. Wata shekara ruwa ya riske ta a hanya da kwandon toka, ruwan tokar ya tsiyayo ya cinye mata fatar ƙeya. Tabon yana nan. Gashin tsakar kanta bai sake fitowa sosai ba.

Ƙasar ta sauya a hankali. Jan ya koma ruwan ƙasa, ruwan ƙasa ya soma baƙi, da ɗigon gawayi a ciki. Wuta-wuta ta ja baya. Shekarar da Joyce ta shiga makarantar koyon jinya, dawar gefen dutse ta fi mutum a kan babur tsawo. Da ita ake ci a gidan har shekara ta zagayo, wake da gyaɗar kuma su ke riƙe da karatun Joyce.

Haggai ya dawo daga Saliyo, ya yi ritaya da igiya uku, ya gina gidan kwano, ya sayi babur. Unguwa ta koma kiransa Saja. Ya shiga noma a fadamar ƙanensa da tasa gonar. Takin zamani yake jira kowace shekara, takin kuma yana zuwa bayan dawa ta fitar da kai, in ya zo ke nan, bayan 'yan jam'iyya sun gama ɗiba. Kan hanyarsa ta zuwa Manga yakan rage gudu a gefen dutse. Wata rana ya tsaya, ya sauka, ya ɗebi ƙasar ya murza a hannu.

Bayan girbin shekarar, Theresa ta je kwaso kara ta tarar da shanu a gonar. Hamma ne, Bafulatanin da ke saukowa yankin duk rani, ya kafa turaku a tsakiya, matarsa tana ɗaura bukka.

"Hamma, wa ya sauke ka nan?"

"Saja. Ya ce in kwana da su nan har su gama karan. Dawa ya ba ni a kai."

Theresa ta bi shanun da kallo. Ba ta taɓa samun halin sauke shanu a gonar ba. Ta koma gida, ta zaɓi daddawa mai kyau, ta ƙulla a ganye, ta kai gidan Haggai. Ta durƙusa ta yi godiya. Haggai yana wanke babur, bai ɗago ba.

"Ba komai, Maman Joyce. Gonar gida ce ai."

Ta ci gaba da tara toka. Da bazara ta kama, hadari ya soma nuna kansa ta gabas, ta kwashe buhunanta ta jera tokar tsibi-tsibi a gonar, ta rufe kowane tsibi da ƙasa don iska. Ranar Lahadi bayan an tashi sujada, Haggai ya tare ta a ƙofar majami'a, a gaban mutane.

"Bana kada ki wahalar da kanki da gefen dutse. Ɗana Divine zai yi aure, yana buƙatar inda zai noma."

"Baban Divine, tokata tana ciki."

"To?"

"Wanda ya sa wa gonar aro taki, ba a tashinsa sai ya ci takinsa damina uku. Ba ni na kafa wannan ba. Ka tarar da shi."

"Haka ne," in ji Haggai. "Wanda ya sa taki." Ya taka baburinsa ya tafi.

Sai a lokacin ta gane dalilin sauke shanun.

Mai unguwa Arzika ya zauna da maganar a zaurensa ranar Talata. Dattawa huɗu suna gefensa. Haggai ya zo da tsohuwar rigar soja, an goge ta. Theresa ta zo da Leah, shugabar zumuntar mata, mace mai jiki da murya, wadda ba a taɓa gayyata wuri ta yi shiru ba. An aika aka kira Hamma.

Haggai ya fara. Gonar ta ubansa ce, kowa ya sani. Ya ba matar ƙanensa aro don tausayi. Bana ya sauke shanu a ciki da dawarsa, ga Hamma nan a tambaye shi. Takin da ke gonar nasa ne. Yanzu yana son abinsa.

"Hamma, haka ne?" in ji mai unguwa.

"Shi ya kira ni, ranka shi daɗe. Amma ni da na zo na tarar da ƙasar baƙa. Karan wurin ma kamar rake. Shanuna ba su taɓa..."

"Ba a tambaye ka kara ba," in ji Haggai. "Wa ya ba ka dawa?"

"Kai."

"Shi ke nan."

Mai unguwa ya juya ga Theresa. "Ke kuma mi kika sa?"

"Toka, Baba. Tun shekarar da aka binne Philemon. Babu ranin da ban kai ba."

"Kin taɓa sauke shanu?"

"A'a."

"Takin akuya? Na gwamnati?"

"Ina na gan su? Toka na sa. Ita ta tashi gonar. Ku aika a haƙa gefen iyaka a ga ja, a haƙa ciki a ga baƙi."

Haggai ya yi dariya. "Ranka shi daɗe, a bariki wanda ya zubar da toka a filin wani, tsallen kwaɗo ake sa shi. Toka shara ce. Kowace mace tana share ta daga murhu ta watsar. Wannan baiwar Allah ta mayar da gonar ubana juji, har da tokar gidan giya, na yi shiru don zumunci. Yau kuma jujin ya zama hujja?"

"Juji!" in ji Leah. "Saja, jujin ne ka tsaya kana murzawa a hannu kamar mai zaɓen atamfa? An gan ka. Mijina yana kan keke a bayanka."

"Maman zumunta, ba da ke ake ba."

"Da ni ake. Tokar murhuna tana cikin gonar nan. Kai da ka gudu soja don kada ka yi wa surukinka noman golmo na neman aure, yau kai ne za ka gaya mana abin da ke tashin ƙasa? Ƙanenka ya yi nasa golmon cif, bayansa ya tsage a gonar uban Theresa, kana can kana aiko hoto da hula."

Wani dattijo ya tuntsure da dariya, ya mayar da ita tari. Mai unguwa ya ɗaga hannu. Dattawan suka haɗa kai suka koma yarensu na Dakarci ƙasa-ƙasa. Theresa tana jin su. Ɗaya ya ce matar ta yi wahala. Wani ya ce wahala daban, al'ada daban; tun kakanni taki shi ne abin da dabba ta kasayar, daga baya aka ƙara na buhu. Na ukun ya ce in aka karɓi toka, gobe kowace mace mai murhu za ta riƙe gonar dangin mijinta da daro guda. Wannan maganar ce ta zauna. Babu wanda ya ce a je a duba gonar.

Mai unguwa ya gyara zama. "Theresa, kin yi ƙoƙari, Allah shi saka miki. Amma toka ba ta cikin abin da muka gada a matsayin taki. Gona ta koma ga mai ita. Haggai, ka duba mata wani wuri."

"Akwai can saman dutse," in ji Haggai. "Ta taɓa a can."

Theresa ba ta tashi ba. "Baba, ina da tambaya. Tokar nan, an yanke shara ce?"

"Haka aka ce."

"Tawa ce ko tasa?"

"Taki ce mana. Ke kika zuba."

"To mutum ya bar shararsa a gonar wani ya tafi, daidai ne?"

Haggai ya buɗe hannu. "Ki kwashe abinki! Da kin rage mini aiki."

"Kun ji shi, Baba?"

"Mun ji," in ji mai unguwa, yana neman takalminsa. "Ki share."

Da suka fito, Leah ta kama hannunta. "Tsibin bana kike nufi? Yini ɗaya mun kwashe."

"Duka nake nufi."

Leah ta tsaya ta dube ta. Sannan ta gyara ɗaurin zanenta. "Bari in bi gidaje."

Washegari mata suka hau hanyar Manga da fartanya da daro da kwanon sarki. Da yawa sun ɗaura zanen zumunta, kamar masu zuwa taron gunduma. Masu burkutu biyu ma sun zo, suka tsaya a nasu gefen, ba wanda ya kore su. Suka fara da tsibin bana. Da suka gama, Theresa ta kafa fartanya a kusurwar gabas, ta kankare baƙar ƙasar har jan ya bayyana. Kaurin baƙin bai wuce tafin hannu ba. Ta cika daronta.

"Ina za mu kai?" wata ta tambaya.

"Bayan ɗakina."

"Wurin ba zai ɗauka ba, Maman Joyce."

"In ya cika, wadda ta taɓa ba ni toka ta kai nata bayan ɗakinta."

Suka jeru, masu kankara a gaba, masu ɗauka a baya. Leah ta ba da waƙar zumunta, aka amsa. Masu wucewa a kan babur suna tsayawa kallo. Kafin azahar labari ya kai kasuwa.

Haggai ya iso da gudu har babur yana tangal-tangal. Ya sauka bai kafe shi ba.

"Mi ke nan? Ku tsaya! Na ce ku tsaya!"

"Shara muke, Saja," in ji Leah. "Matsa, kana tsaye kan juji."

"Wannan ƙasar ubana ce!"

Theresa ta miƙe. Ta nuna masa inda aka kankare. "Ga ƙasar ubanka nan, Baban Divine. Ja ka ba ni. Ban taɓa ko tsakuwa ɗaya a ciki ba."

"Takina fa? Kuna kwasar mini kashin shanu! Da dawata na saye shi!"

"Gaskiyarsa," in ji Theresa. Ta juya ga matan. "Ku tsince masa kandilonsa. Kada ko ɗaya ya shiga daronmu."

Suka ware 'yan mata masu tsinta. Duk busasshen kashin shanun da aka gani aka jefa a kwando dabam. Da yamma, a kan hanyar komawa, suka bi ta gidan kwanon, suka juye kwandunan a bakin ƙofa, daidai inda yake ajiye babur. Matar Haggai ta leƙo ta koma.

Haggai ya je wurin mai unguwa. Mai unguwa ya ce a gabansa aka ce ta kwashe, kuma bakin Haggai ne ya faɗa. Ya je wurin fasto. Fasto ya ce zai yi addu'a a kai, matarsa kuwa tana cikin masu ɗauka. Ya je ofishin 'yan sanda ya ce ana satar ƙasa. Wanda ke kan tebur ya tambaye shi ko ƙasar tana da lamba.

Aikin ya fi yadda suka zata. Gonar da ake gani 'yar ƙarama daga hanya, da aka sa mata daro sai ta ƙi ƙarewa. Mata suna da nasu gonakin da ke jiran sharar bazara, da yara, da girki. Kowace safiya ana raguwa. Bayan ɗakin Theresa ya cika har ƙasar ta kai rabin katanga. Gidajen unguwa suka samu 'yan fegi baƙaƙe a bayan ɗaki. Ba su kai rabin gonar ba lokacin da dagaci ya aiko. Haggai ya bi ta hannun wani tsohon ogansa. Saƙon gajere ne: abin ya isa, kada a sake ganin mace da daro a gefen dutse.

Theresa ta tambayi ɗan aiken, "Hukuncin fa?"

"Ni aike aka yi ni, Mama."

"Ka gaya masa na ji. Da aka ce shara ce, ba wanda ya taka ya zo ya duba. Da aka ga tana tafiya, har dagaci ya san hanyar gonar."

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi kwana biyu bayan haka. Inda aka kankare babu abin da zai riƙe ruwa. Ya gangaro ja wur, ya yanka kwari ta tsakiyar gonar, ya ɗebi wani yanki na baƙar ƙasar da ta rage ya zuba a rafi. Theresa ta je da safe ta tsaya a hanya, ba ta shiga ba. Ta daɗe tana kallon kwarin. Leah ta zo ta tsaya kusa da ita.

"Ya ga abin da ya jawo," in ji Leah.

"Ba shi ya ɗauko tokar a kai ba," in ji Theresa. "Mu tafi."

Ba ta hau saman dutsen da Haggai ya nuna mata ba. Ta shuka masara da kuɓewa da wake a bayan ɗaki. Suka yi kyau har mutane na leƙe ta katanga, amma wuri ne da za a shimfiɗa tabarma shida a rufe shi. Ta ƙara tukunyar kalwa ta biyu. Joyce ta dawo hutu ta ce za ta ajiye karatu ta nemi aiki a kemis. Theresa ta ce in ta sake faɗin haka ta koma gidan Baban Divine da zama.

Divine ya yi aurensa, ya noma abin da ya rage. Gefen gabas bai ba shi komai ba. Gefen yamma, inda fartanyar mata ba ta kai ba, ya yi dawa mai kauri. Haggai yana kai baƙi su gani. Yana tsayawa da su a inda ba za su hango kwarin ba, yana yi musu bayanin amfanin sauke shanu.

Rumbun Theresa ya ƙare tun kafin Kirsimeti. Ta ɗauki buhu ta shiga kasuwar Zuru, layin masu hatsi, inda a da ita ake tarewa a tambayi farashi. Tana tafe tana duba buhuna sai ta ji an kira ta.

"Mama! Mama, zo nan!"

Amaryar Divine ce, yarinya 'yar Mahuta, zaune a bayan buhu biyu da tiya a hannu. Ba ta daɗe a unguwar ba, fuskarta a sake take.

"Zo ki auna a nan, Mama, in cika miki. Ta gefen dutse ce. Dubi ƙwayar, ba tsakuwa, ba ƙaiƙayi. Baba Saja ya ce babu irinta a layin nan."

Theresa ta sa hannu a buhun, ta ɗebo, ta duba a tafinta. Ƙwayoyin manya ne, cikakku, masu nauyi.

"Bai yi ƙarya ba," ta ce.

Ta zuba ta a buhun, ta karkaɗe hannunta a zane. Ta wuce gaba, wurin wani tsoho da ya kawo tasa daga ƙauye, ƙanana, da ƙura a ciki. Ta buɗe bakin buhunta ta ce ya auna.